Kwana Biyar A Ojo Ta Ikko: Iskar Da Rana Ke Dafawa

Ƙanwata ce ta ɗora mini wannan tafiya. Ran nan da hantsi, cikin watan Janairu na 2024, ta iske ni a zaure, bayan mun gaisa sai ta ce, "Yaya, ɗan nan naka da ke Ikko ba shi da lafiya. Duk sa'ad da ya bugo waya, tarinsa nake fara ji kafin in ji muryarsa. Wasu sun ce sanyi ne, wasu kuwa sun ce jifa aka yi masa don an ga yana aiko da ɗan abin masarufi. Ka taimaka ka je ka taho mini da shi."

Yaron nan shi ne ɗan farinta, shi ya sa ba ta kama sunansa. Shekararsa 22 a lokacin, kuma shekara 3 ke nan yana turin baro a kasuwar Alaba Rago da ke Ojo, can yamma da birnin Ikko. Abin da yake aikowa duk wata, da shi ake cefane a gidan, da shi kuma aka sayi takin daminar da ta wuce. Saboda haka maganar a taho da shi gida ba ƙaramar magana ba ce. Na ce mata to, na ɗaura kayana na kama hanya. Abin da na gano a can kuwa na ga bai kamata in bar shi a cikina ba, domin da wuya a sami gari a Arewa wanda ba shi da ɗa a bakin titunan Ikko.

Daga Agege Zuwa Iyana Iba

Bayan mun wuni mun kwana a hanya, mota ta sauke mu Agege da asuba. Bahaushe ba baƙo ba ne a Agege. Tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka riƙa yada zango a nan, har wurin ya zama unguwa mai masallatai da makarantun allo da Sarkin Hausawanta. Na yi salla, na karya kumallo da shayi da burodin nan nasu da ya yi suna, sa'an nan na shiga ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa wadda suke kira danfo. Muka bi ta Iyana Ipaja, da Egbeda, da Igando, har muka ɓulla Iyana Iba, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin Badagry. Tafiyar da ba ta kai mil 20 ba sai da ta ci mana kusan sa'a 3 saboda gosulo. Motoci sun tsaya cik, injuna suna ta ruri, 'yan acaɓa suna kurɗawa ta tsakani, kowane salansa yana tofa abin da ke cikinsa a fuskar na bayansa.

Ojo asalinsa garin Awori ne, wani reshe na Yarabawa, kuma sarautar sarkinsu Olojo. Kudu da garin akwai ƙorama mai faɗi wadda ta bi bayan gaɓar teku ta nufi Badagry, inda har yanzu masunta ke jefa koma. Amma garin masunta ya daɗe da zama birni. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kimanin 600,000, kuma duk wanda ya tsaya Iyana Iba da yamma ya san an wuce nan tuntuni. In mutum ya taso daga Mile 2 ya miƙe yamma, zai wuce rukunin gidajen Festac da filin baje kolin duniya, waɗanda duka aka buɗe a 1977, ya wuce barikin soja, ya iso tashar da har yau ake kira Volks, domin a nan kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motocinsa a 1975, masu ƙusumbin nan da Yarabawa suka laƙaba wa ijapa, watau kunkuru. Daga nan hanya ta ratse zuwa babbar kasuwar Alaba ta kayan lantarki, inda ake sayar da rediyo da talabijin da janareta kamar yadda ake sayar da gero a Dawanau. Gaba kaɗan sai Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983 zamanin Gwamna Lateef Jakande. Kusa da ita kuwa sai Alaba Rago, wadda sunanta ma ya isa ya gaya maka ko su wane ne a ciki.

A nan na sauka hannun wani dattijo mutumin ƙasarmu, dillalin wake, wanda ya fi shekara 30 a wurin. Ina shiga na ji kamar ban bar gida ba: ga raguna da awaki a turke, ga buhunan albasa da barkono da busasshen kifi, ga masu tuwo da masu fura, ga ladan yana kiran salla. Sai dai iskar ba ta gida ba ce. Bayan rumfuna janareta ke kuka ba dare ba rana, gefen titi 'yan bumburutu sun jera galan-galan na fetur a rana, can nesa kuma wani baƙin hayaƙi yana tashi inda yara ke ƙona tsofaffin wayoyin lantarki don su ciri jan ƙarfe.

Da na ga yaron sai gabana ya faɗi, don ya rame. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayanin da ya yi. Ya ce, "Kawu, da sassafe hayaƙi ya fi yawa, har ba ka ganin ƙarshen layi, amma a lokacin nakan yi aikina lafiya lau. Sai rana ta take, hayaƙin ya washe, daga azahar zuwa la'asar, sa'an nan nake jin maƙogwarona yana ƙaiƙayi, in na ja numfashi mai tsawo sai in ji kamar an soka mini tsinke a ƙirji. Da dare kuma sai tari da shaƙewa." Mai masaukina ya ce, "Malam, ai ba shi kaɗai ba ne. Kowane hunturu haka yaran nan suke yi. Mu dai mun ce sanyin teku ne."

Abin Da Likita Ya Ce

Kashegari na kai shi wani asibitin gwamnati. Aka karɓi kakinsa aka auna, domin duk tarin da ya wuce mako 2 wajibi ne a bincika ko tarin fuka ne, kuma gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Allah Ya taimake mu ba shi ba ne. Likitan, wani mai matsakaicin shekaru da ya yi bautar ƙasa a Sakkwato har yana jin Hausa, ya sa shi ya hura wani bututu, ya saurari ƙirjinsa, ya ce asma ce, kuma iskar wurin aikinsa ce ke tayar da ita. Na ce, "Likita, to yaya aka yi ciwon ya fi tashi sa'ad da hayaƙi ya washe?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka yi tambayar da ta dace. Masu laifi a ƙirjin yaron nan suna da yawa, akwai ƙura, akwai toka, akwai hayaƙin gas. Amma akwai guda wanda ba a ganinsa, shi kuwa da rana yake fitowa. Sunansa ozon."

Bayanin da ya yi mini a tsaitsaye, da abin da na bi na karanta bayan na komo, shi zan taƙaita wa masu karatu.

Iskar oksijin da muke shaƙa mu rayu, ƙwayoyinta biyu-biyu suke tafiya a haɗe. In suka zama uku a haɗe, to an sami ozon. Ta ukun nan ba ta zauna daram ba, kullum neman abin da za ta maƙale wa take yi, kuma duk abin da ta taɓa sai ta ci shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wani masani Bajamushe, Christian Schönbein, shi ya gano ta wajen 1840, ya raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar wari. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda da lantarki, ko ya shiga ɗakin da injunan fotokwafi suka wuni suna aiki, irin waɗanda ke bakin ƙofar jami'a, ya san ɗan ƙaurin nan nata.

Kashi 90 cikin 100 na ozon ɗin duniya yana can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, inda ya zama mana laima yana tare hasken rana mai ƙona fata. Shi ne wanda aka ba da labarin hujewarsa a 1985, har ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don a cece shi. Wancan rahama ne. Amma wanda ke nan ƙasa, daidai hancin ɗan Adam, shi ne abin tsoro. Wuta a murhu abinci, wuta a jinka gobara.

Abin mamaki, babu motar da ke fitar da ozon daga salansarta. Dafa shi ake yi a sarari, kuma kayan miyan iri biyu ne. Na farko wasu iskoki ne masu naitirojin da ke fita daga duk injin da ya yi zafi, ko na tirela, ko na danfo, ko na janareta. Na biyu tururin fetur ne da na fenti da man da bai gama ƙonewa ba, irin wanda ke tashi daga galan ɗin ɗan bumburutu da tsohon babur. In waɗannan suka gauraya, rana ta buga su na 'yan sa'o'i, sai ozon ya samu. Shi ya sa da asuba ba shi da yawa, ya riƙa hawa da hantsi, ya kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin azahar da la'asar, sa'an nan ya sauka bayan faɗuwar rana. Watau hayaƙin da aka zuba da safe, shi rana ke dafawa ta miƙo wa mutane da yamma.

Wanda ya fara gane wannan shi ne Arie Haagen-Smit, mutumin Holan da ke koyarwa a Kalifoniya ta Amurka. A farkon shekarun 1950 mutanen birnin Los Angeles sun rasa abin da ke sa idanunsu hawaye, amfanin gonarsu yana ƙonewa, tayoyin motocinsu suna tsattsagewa. Shi ya nuna cewa hayaƙin mota da hasken rana ne ke haɗuwa, har yakan auna yawan ozon ta hanyar lanƙwasa ɗan yankin roba ya ga minti nawa zai yi kafin ya tsage. Da na tuna da tsofaffin tayoyin da na gani jibge a rumfar wani mai faci a Iyana Iba, duk gefensu ya yi zane-zane kamar faso, sai na ce a raina, abin da ya yi wa taya haka, ina ga huhu?

Yadda Dogaran Jiki Ke Juyowa Kan Mai Gida

Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kwana guda, kuma mai aikin ƙarfi ya fi haka nesa. Iskar tana bin bututu, bututun ya yi rassa kamar bishiya, har ya ƙare a wasu 'yan jakunkuna ƙanana, miliyan 300 zuwa 500, inda oksijin ke ratsawa cikin jini. Dukan hanyar nan an shafe ta da wani ɗan ruwa siriri mai ɗauke da sinadaran kariya, cikinsu har da bitamin C. Wasu iskokin masu guba suna narkewa tun a hanci da maƙogwaro, amma ozon ba ya narkewa da sauri a ruwa, saboda haka yakan zarce can ciki. In kaɗan ne, ruwan nan ya shanye shi. In ya yi yawa, ko mutum yana haki yana jan iska ta baki kamar mai turin baro, sai kariyar ta ƙare, ya shiga cin kitsen da ke cikin ruwan da fatar bututun kanta. Masana sukan kwatanta abin da ƙunar rana, sai dai wannan a cikin huhu take.

A nan garkuwar jiki ke shigowa. Cikin jakunkunan nan akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira makrofaj, watau mai babban ci. Su ne masu sharar huhu, dare da rana suna yawo suna haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. In fatar bututu ta ji rauni, ita da masu sharar nan sai su saki wasu sinadarai na kururuwa, irin su intalukin 6 da intalukin 8. Kururuwar nan tana kiran wata runduna daga cikin fararen ƙwayoyin jini, masu suna nutrofil. Su kuwa mayaƙa ne marasa tambaya, makaminsu ruwan guba ne da ke narkar da ƙwayar cuta. Cikin 'yan sa'o'i sai su ratso jijiyoyin jini su cika bututun iska.

Likitan ya ba ni misalin da ba zan manta ba. Ya ce, "Baba, ka san yadda kasuwa take in aka yi ihun ɓarawo. Kowa ya fito da sanda da gora. To a nan an yi ihu, jama'a sun taru, amma babu ɓarawon da za a kama, domin iska ce ta yi ɓarnar ta wuce. Sai dukan ya ƙare a kan rumfuna." Wannan shi ne kumburin huhu: bangon bututu ya kumbura, ruwa ya tsattsafo daga jini, majina ta ƙaru, hanya ta ƙuntata. Jijiyoyin ji da ke wurin su ma su harzuƙa, shi ya sa dogon numfashi ke zafi. Da yake rundunar tana ɗaukar lokaci kafin ta taru, wanda ya shaƙa da la'asar sai cikin dare ko kashegari yake biyan bashin. Ga mai asma kuwa, bututun da ya riga ya harzuƙa ko ƙurar buhun wake ta ishe shi ya shaƙe.

Ba zato ake yi ba, an gwada a jikin mutane. A garin Chapel Hill na Amurka, Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar tana da ɗakin da ake sa masu sa kai su motsa jiki suna shaƙar iskar da aka auna. A wani bincike da aka buga a 1989, samari lafiyayyu sun shaƙi ozon mai ƙarfi na sa'a 2, bayan sa'a 18 aka wanko huhunsu aka tarar nutrofil sun ninka sau 8. A wani kuma na 2011, an rage shi ƙwarai zuwa kashi 60 cikin biliyan, aka shaƙa na sa'a 6 da 'yan mintoci, duk da haka numfashi ya ragu kuma kumburi ya bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a maikirogiram 100 cikin kowace kubik mita ta iska a tsawon sa'a 8, watau wajen kashi 50 cikin biliyan. A kwatanta ƙwayar gero 50 a cikin ƙwaya biliyan guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata 'yan'uwanmu su sani. Na farko, ozon yana kasala da masu sharar nan, su rage haɗiye ƙwayoyin cuta. An nuna a jikin ɓeraye cewa waɗanda suka shaƙe shi sun fi mutuwa in ciwon huhu ya kama su. Watau ga mayaƙa suna ɓarna a gida, ga masu gadi sun yi barci. Na biyu, in mutum ya jera kwanaki yana shaƙa, bayan kwana 3 zuwa 5 zafin ƙirjin yakan lafa, sai ya ce ya saba. Alhali kuwa da aka leƙa huhun irin waɗannan mutane an tarar alamun rauni suna nan. Kukan ne ya yi shiru, ciwon bai tafi ba. Masu ƙididdigar cututtuka ta duniya sun ɗora wa ozon alhakin mutuwar mutum kusan 490,000 a 2021, ta hanyar cutar toshewar huhu mai daɗewa.

Hunturu Da Gobarar Daji

Na tambayi kaina dalilin da ya sa mai masaukina ya ce abin ya fi tsanani da hunturu. Amsar ta ba ni kunya kaɗan. Tun daga 1994 aka ɗaura wa wasu jiragen saman fasinja na Turai na'urorin auna iska, suna aunawa duk sa'ad da za su sauka ko za su tashi. Awon da suka yi a kan Ikko ya nuna ozon ya fi taruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. A watannin nan ne ake cinna wa dazuzzuka da gonaki wuta daga tsakiyar ƙasar nan har zuwa Arewa, don farauta ko sharar gona. Iskar hunturu ta kwaso hayaƙin ta yi kudu da shi, rana tana dafa shi a hanya, ya zo ya haɗu da na motoci da janaretocin birni. Ashe wutar da muke cinnawa don kama gafiya tana iya bin 'ya'yanmu har bakin teku.

Wani abin lura kuma, a tsakiyar gosulo sabon hayaƙin mota yakan cinye wani sashe na ozon, saboda haka sau da yawa ya fi yawa a unguwannin gefe da ƙauyukan da iska ke bi, inda mutane ke tsammanin sun tsira. Can ma ba mutum kaɗai yake taɓawa ba, yana ƙona ganyen wake da alkama da waken soya ya rage yabanya. Wannan ba ya nufin na bakin titi ya huta, domin shi ke shan toka da baƙin hayaƙi tun da zafinsu. Wani nazari na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙananan ɓurɓushin da ke iskar Ikko sun yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a 2018, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mazauna birnin kuma ba su manta da ranar 12 ga Oktoba 2005 ba, sa'ad da wani hazo mai ƙauri ya rufe unguwanni har aka sallami 'yan makaranta.

To Ina Mafita?

Maganin gaskiya yana hannun hukuma, watau rage abin da ake zuba wa rana ta dafa. Duk ɗan Nijeriya ya san Atlanta 1996, inda su Nwankwo Kanu da Tijjani Babangida da Garba Lawal suka ciyo mana zinariya a ƙwallon ƙafa. Abin da ba a faye sani ba shi ne, a makonnin wasannin an rage zirga-zirgar motoci a birnin, aka ga ozon ya sauka da fiye da kashi 25 cikin 100, yaran da ake kaiwa asibiti da asma su ma suka ragu, ko da yake masu bincike na baya sun ce yanayin sama ya taimaka. A Ikko an fara faɗaɗa titin Badagry tun 2009, kuma a watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa mai aiki da lantarki ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2, an kuma tsara ya kai har Okokomaiko, gaba da Ojo kaɗan. Kowane fasinja da ya hau shi, an rage hayaƙi. Haka nan kowace sa'a da aka sami wutar lantarki, dubban janareta ne ke yin shiru. Ya kamata hukumar kare muhalli ta Jihar Legas da ta tarayya su riƙa auna ozon a unguwanni irin su Ojo, su faɗa a rediyo da harsunan da talaka ke ji, har da Hausa, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. Mu kuma a gida mu rage cinna wa daji wuta.

Kafin nan akwai abin da talaka zai iya. Aikin ƙarfi a yi shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Tsakar rana a shige cikin ɗaki ko shago in da hali, domin ozon ya fi ƙaranci a ciki. A rufe galan ɗin fetur a kawar da shi daga rana, a kashe injin da ba a aiki da shi, kada kuma a ajiye janareta kusa da inda ake kwana. Ƙyallen rufe hanci yana rage ƙura amma ba ya tare ozon, domin iska ce. Mai shan taba ya sani yana ƙara wa Barno dawaki. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ya yi amfani da shi yadda likita ya ce, ya daina sayen ƙwayoyi barkatai a hannun masu talla.

Mu dai ga yadda muka ƙare. A daren kwana na biyar muka zauna da mai masaukina da yaron. Na ce, "Alhaji, uwarsa ta ce in taho da shi." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, in na koma wa zai sayi taki?" Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Malam, bar mini shi. Motocin kaya da asuba suke isowa, ya yi saukale har hantsi. Da rana ya zauna cikin shago ya riƙa karɓar kuɗi yana rubutawa, tun da ya yi makaranta. Abin da zai samu zai ragu kaɗan, amma da hanau gara mannau." A kan haka muka tsaya, na sayo masa magungunan da aka rubuta, na yi sallama.

A tun 2022 gwamnatin jihar ta ba 'yan Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, aka yi ta ja-in-ja, kuma a watan Agusta na 2025 katafila ta rushe rumfuna masu yawa a wurin. Da yawa daga cikin mutanen da na sha shayi da su sun watsu cikin wasu kasuwannin. Yaron ya bi maigidansa inda suka koma, kuma tarin ya yi sauƙi matuƙar ya kiyaye rana da magani. Amma nakan tuna da sauran, masu baro da 'yan acaɓa da masu tallar ruwa, waɗanda ba su da shagon da za su fake a ciki daga azahar zuwa la'asar.

Ranar da na komo gida ƙanwata ta tare ni tun a zaure, ta duba bayana ba ta ga kowa ba. Na zaunar da ita na yi mata bayani gwargwadon iyawata. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "To Yaya, ashe ba jifa ba ne?" Na ce mata, "In jifa ne, to hannu dubu ne suka yi shi, kuma har da namu a ciki." Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda neman halali ya kai su, amin.